Ranar da Jariri Ya Koma Ciki

Ranar da na fara ganinsa, fankar shagon Yaya ya zo gyarawa. Ina zaune a lungun da nake zama kullum, tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye, ina dasa maɓallai a wata riga, da littafi buɗe a cinyata. Yaya ta buɗe baki za ta gaya masa abin da ke damun fankar, ya ɗaga mata hannu.

"Ai na sani," in ji shi. "Tun daga bakin titi na ji kukanta."

Fankar kuwa ta kwana biyu ko motsi ba ta yi ba.

Ya kwance ta, ya hura, ya ɗaura. Da ya gama sai ga kusoshi sun ragu a tafin hannunsa, ya ce kamfani ne ke sa su don ado. Aka kunna. Ta tashi da ƙarfinta, sai dai bango take yi wa fifita, mu kuma muna gabanta muna gumi.

"Malam, bangon ne ya kira ka?" in ji Yaya.

Ya ce iskar da ta daki bango ta dawo ta fi lafiya ga ƙirji, likitoci ma sun tabbatar.

Kafin ya fita ya leƙa littafin da ke cinyata, wani tsoho da farkonsa ya yage, wanda na tsinta cikin takardun naɗe kaya. Ya ce ya karanta shi tun yana yaro, ya tsaya ya ba ni labarin yadda zai ƙare. Da na kai ƙarshen, ko abu ɗaya bai zo daidai ba. Amma ƙarshen da ya ƙirƙira ya fi na mai littafin daɗi, kuma ban gaya wa kowa haka ba.

Unguwa kaf Na-sani ake ce masa. Shi kansa in an kira shi da sunan yanka sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Abin da ya haɗa mu bayan nan shi ne wani shirin talabijin, Ayarin Sama. Ba sunan shirin ke nan ba, sunansa na asali ya fi ƙarfin harshenmu, mu muka raɗa masa wannan. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta bushe, suka shiga wani jirgi mai girman gari, suka nausa cikin taurari suna neman inda za su zauna. Duk Asabar da rana Yaya kan rufe shago, mu ture yadudduka gefe, mu ɗora talabijin a teburin yanka. Mai Caji, wanda rumfarsa ke jikin shagonmu, shi ke kawo mana kashi ɗaya duk mako, fassararre. Mai Aski ya tsallako titi. Inna Ungozoma ta sauko daga bene da 'yar kujerarta. Na-sani ya zo a makare, ya ce da gangan ne.

Ana gama kallo sai musu. Zango uku na shirin muka kalla, tambaya ɗaya ta hana mu sakat: wane ne munafukin da ke cikin jirgin, mai aika wa maƙiya labarin inda aka dosa?

"Likitan nan ne," in ji Mai Aski. "Duk mutumin da ke gyara gashin bakinsa da kansa, to akwai abin da yake ɓoyewa."

"Mutum-mutumin ne," in ji Yaya. "Ba ya ci, ba ya barci. Me yake yi da duk wannan lokacin in ba munafunci ba?"

"Ki fita harkar yaron nan," in ji Inna. "Maraya ne, ba uwa ba uba, kullum shi ke share jirgi."

"Inna, ƙarfe ne fa."

"Ke ba ki ga yadda ya sunkuyar da kai ba ranar da aka yi masa tsawa?"

Na-sani kuwa babu wanda bai zarga ba. Ya zargi mai dafa abinci, ya zargi Kyaftin kanta, akwai makon da ya zargi wata tukunyar fure, don ya lura duk lokacin da ake sirri tana wurin.

Doka biyu gare mu. Ta farko, wanda hasashensa ya fito daidai shi zai hau kujerar kyaftin. Tsohuwar kujerar aski ce mai juyawa, mai abin takawa da ke ɗaga ta sama, wadda Mai Aski ya ba mu da ya sayi sabuwa. Tun da aka kafa dokar kusan kullum shi ke kanta, kamar bai taɓa bayarwa ba. Ta biyu, duk wanda ya riga mu kallo, ko ya tona abin da ke gaba, ya bar zaman har abada. Na-sani ne ya kawo wannan dokar da bakinsa, har da dukan tebur. Kujerar kuwa ko sau ɗaya bai taɓa hawa ba.

Ni ban taɓa sa baki a musun ba. Munafukin bai dame ni ba. Abin da nake kallo shi ne Matuƙin jirgin, mutumin da ba ya magana, wanda kullum ke kawo wa Kyaftin shayi ya ajiye ta hagunta, saboda hannunta na dama ya taɓa samun rauni. Zango uku ina jiran ranar da zai buɗe baki ya faɗa mata. Ban da wannan, Asabar ce kaɗai ranar da nake ganin Na-sani. Daga lunguna ina hango rabin fuskarsa da hasken talabijin, yana gyaɗa kai tun kafin abu ya faru, don in ya faru a ce ya sani.

Wata Litinin ya faɗo shago yana dukan aljihu.

"Yaya, zango na huɗu yana nan. Dukansa."

"Mai Caji ya ce sai wata mai zuwa."

"Mai Caji a bakin kududdufi yake kamun kifi. Ni a tsakiyar teku nake da mutane."

Daga baya muka ji wani direban babbar mota ne da ya gyara wa fanka ya tura masa a waya. Yaya ta ce ya ba Mai Caji, a riƙa kawowa ɗaya-ɗaya yadda aka saba. Ya kalle ta kamar ta ce ya zuba turare a kwata. Ya ce abu irin wannan ba a kallonsa a akwatin da bai wuce girman tiren shayi ba. Sinima zai haɗa. Ya riga ya shawo kan Baba Mai Gida ya ba da siton ƙasan bene, da sharaɗin a ba shi wurin gaba, kuma kada kowa ya zauna masa a buhunan siminti. Abin da ya rage farin yadi ne da za a haska hoton a jikinsa. Yaya ta ba shi, tana ja yana ja.

Ranar Juma'a ya dawo idanunsa jajur, yana hamma kamar kada. Mutum ba ya samun irin waɗannan idanun daga gyaran fanka. Ya tara mu a bakin shago ya ce ya yi nazari mai zurfi, yana da hasashe huɗu.

"Kyaftin za ta auri Matuƙi, ba zato ba tsammani. Mai Lambun jirgin za ta haihu, namiji. Munafukin kuma Tsohon Injiniya ne, zai amsa laifinsa, zai mutu."

"Injiniya?" in ji Mai Aski. "Dattijon da ya gina jirgin da hannunsa?"

"Ban gama ba. Bayan ya mutu zai dawo, kuma babu wanda zai ce masa uffan, domin jirgin zai faɗa ramin lokaci, komai ya riƙa tafiya da baya."

Mai Aski ya yi dariya har ya dafa ƙofa. "Makon jiya tukunyar fure ce."

"Ilimi gaba yake yi."

"To mu yi ta ta ƙare. In huɗun nan suka fito, kujera taka ce har abada, ni da kaina zan riƙa goge maka ita. In ko ɗaya ya kuskure, ka bar mana zaman, mu huta da gyaɗa kai."

Na so in ce masa kada ya amsa. Na kalli maɓallin da ke hannuna.

"Na yarda," in ji Na-sani. "Inna, ke ce shaida."

Asabar ta zo, labari ya riga ya zaga. Siton ya cika da mutanen da ko sunan Kyaftin ba su sani ba: matar mai wanki da goyonta, masu gadin kanti, wani baƙo da ya zo neman ɗaki ya ga taro ya zauna. An toshe tagogi da barguna. An ɗauko kujerar kyaftin an kafa a gefe, Mai Aski na kanta ya harɗe ƙafa. A tsakiya, bisa durom, ga kwalin takalmi an yi masa baƙin fenti, da gilashin ƙara girman rubutu a gaba. Na-sani ya ce sunan na'urar Idon Tauraro, ya sa wayarsa ciki, ya ce a yi shiru.

Hoto ya fito a jikin yadin, dishi-dishi. Ga Kyaftin, ga Likita, ga kowa, ƙafafu sama, kawuna ƙasa.

"Yaro," in ji Baba Mai Gida, "mutanen nan jemagu ne?"

"A sararin samaniya babu sama babu ƙasa, Baba. Kai ne ka saba."

Inna ta karkata kai tana son ganin marayanta, har ɗankwalinta ya zame. Na-sani ya buɗe kwali ya juya wayar. Hoton ya yi ɗan tunani, ya juya da kansa ya koma yadda yake. Ya sake juyawa, wayar ta sake komawa.

"Yau ka gamu da wanda ya fi ka taurin kai," in ji Yaya.

Kafin nan zafi ya fara dafa mu. Goyon matar mai wanki ya tsala kuka. Na-sani ya ce ya san za a yi haka, ya jawo fankokin mutane da aka kawo masa gyara, ya jera, ya kunna su gaba ɗaya. Yadin ya kumbura kamar cikin mai ƙoshi. Kumatun Kyaftin ya cika bango, ya sace, ya sake cika.

"Haƙori ke damunta," in ji Inna. "A ba ta ruwan gishiri."

Ɗaya daga fankokin ba ta da raga. Ta kamo gefen yadin, ta fara naɗewa, muka ji ƙyaaat, sinima ta tafi cikin fanka da Kyaftin da jirginta. Na-sani ya yi tsalle zai ceto, gwiwarsa ta daki durom, gilashin ya fita ya gangara ƙarƙashin buhunan siminti. Ya sunkuya zai bi shi, Baba ya sa sanda ya tare.

"Sharaɗi sharaɗi ne."

Yaya ta ɗaga abin da ya rage na yadinta ta duba ta cikin ɓular. "Ba komai, Malam. Zan ɗinka maka riga da shi, ka sa ranar da za a kore ka."

Ƙarshenta talabijin ɗinmu mai girman tire aka ɗauko. Na-sani ya ce dama wancan gwaji ne, kuma ya yi nasara. Mai Caji ya miƙa hannu zai haɗa wayar, ya hana, ya ce babu mai taɓa masa waya. Shi ya haɗa da kansa. Waƙar farko na tashi, inda ake rubuta lambar kashi a maimaita abin da ya wuce, sai ya tura gaba.

"Masu ilimin shirin ba sa kallon waƙa," in ji shi.

Kashin farko ya tafi lafiya. Jirgi na tafiya, ruwa na ƙarewa. Aka nuno Mai Lambu da ɗan cikinta, Inna ta ce wata huɗu ne. Matuƙi ya kawo shayi, ya ajiye ta hagu, ya tsaya, ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai maganar da..." sai ƙararrawar jirgi ta tashi. Na matse bakin mayafina.

Na-sani ya danna na gaba. Ya tura waƙa.

Sai ga biki. Kyaftin cikin fararen kaya, Matuƙi a gefenta, mutum-mutumi yana watsa fure.

"Ɗaya," in ji Na-sani, ya ɗaga yatsa.

Siton ya ɗauki guɗa da tafi. Ni kuwa ban tafa ba. Zango uku ina jiran in ji da wace kalma zai fara, ko zai kalle ta ko zai kalli ƙasa, sai kawai ga su an gama.

"Tsaya," in ji Mai Aski. "Yaushe aka yi neman auren?"

"A sama ba a ɓata lokaci."

"Gemun angon nan fa? Ɗazu fuskarsa kamar ƙwai. Wannan gemun wata shida ne, ni zan gaya maka."

"Iskar jirgi ce, tana sa gashi saurin tsiro."

"Ina hannun Likita ɗaya?" in ji Yaya.

Muka duba, lalle hannun rigarsa na hagu a naɗe yake. Mutanen jirgin kuma sai maganar wani yaƙin ƙanƙara suke yi, suna share hawaye, mu ko ƙanƙarar ba mu gani ba.

"Salon masu shirin ne," in ji Na-sani. "Ba sa tauna wa mutum abinci. Sai mai ƙwaƙwalwa."

Babu wanda ke son a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, aka ci gaba da kallo.

A kashi na gaba Mai Lambu ta haihu, namiji. Inna ta ce cikin ya yi sauri, amma ta yaba yadda mutum-mutumi ya riƙe kan jaririn, ta ce da ita aka haifa da irin wannan hannun da ta huta. A wanda ya biyo baya, Tsohon Injiniya ya tsaya gaban kowa ya ce shi ne. Maƙiya ne ke riƙe da 'yarsa. Ya shiga ƙaramin jirgi shi kaɗai, ya ja su suka bi shi, wuta ta tashi. Sannan babban jirgin ya sauka a wata duniya koriya shar, mai koguna. Kyaftin ta cire takalmi ta taka ciyawa. Masu gadin kanti da ba su san kowa a shirin ba suna ta jan hanci.

Mai Aski ya sauko daga kujera ba tare da an ce masa ba. "Uku," ya ce da kansa, murya ƙasa-ƙasa. "Hau."

Na-sani ya hau. Ya taka abin ɗagawa, ya taka, ya taka, har kansa ya kusa taɓa rufi. Daga can sama ya dube mu kamar mai rabon gado. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma jajayen idanun nan na jiya sun tsaya min a rai.

"Saura na huɗu," in ji shi. "Mai littafi, danna mana na gaba, ki tura waƙar."

Ban taɓa jin ya kira ni a gaban mutane ba. Na tashi na danna, ban ko kalli fuskar wayar ba.

Ga jirgi a cikin taurari. Ga ɗakin cin abinci. Ga Tsohon Injiniya zaune yana shafa wa burodi man shanu, Kyaftin na yi masa dariya.

"Huɗu," in ji Na-sani. "Ramin lokaci."

"Yaro," in ji Baba, "mutanen nan ba sun sauka ba ɗazu? Na ga matar ta cire takalmi."

"Sun sauka, Baba, amma ba su sauka ba tukuna."

"To wannan mai cin burodin ba shi ya ƙone ba?"

"Zai ƙone. Ya ƙone a gaba, wanda yanzu shi ne baya."

Baba ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Likita ya shigo da hannu biyu, yana riƙe da kofi a kowanne. Matuƙi ya shigo ba gemu, ya ajiye shayi, ya ja baya ya ce, "Ranki ya daɗe."

"Ikon Allah," in ji matar mai wanki. "Ko mako ba a yi da biki ba, har an koma ranki ya daɗe?"

Sai ga Mai Lambu tana ban ruwa, da ɗan cikinta, ba goyo, ba jariri.

Inna ta miƙe tsaye, ta matsa gaban talabijin, ta sunkuya ta duba da kyau. Ta juyo.

"Ɗana, tun ba a haifi uwarka ba nake karɓar haihuwa. Na ga wanda ya zo ta ƙafa, na ga wanda ya zo da haƙori. Ban taɓa ganin wanda ya fito, aka yi masa wanka, ya duba duniya ya ce bai shirya ba ya koma ciki ba."

Na-sani bai girgiza ba. Daga saman kujera ya fara bayani da hannu biyu. Ya ce lokaci kamar tabarma ne, in ka naɗe ta sai kai ya haɗu da ƙafa. Ya ce jaririn yana waje kuma yana ciki, ya danganta da inda mutum ya tsaya. Baƙon da ya zo neman ɗaki ya ce shi kam ya fara ganewa. Har Mai Aski ya yi tagumi. Da an bar shi minti kaɗan da ya ci gari.

Sai wayar ta yi ƙara, caji ya kusa ƙarewa.

Mai Caji bai yi shawara da kowa ba. Shekara da shekaru in ya ji wannan ƙarar hannunsa ke tafiya da kansa. Kafin Na-sani ya ce kada ka taɓa, har ya zare ta ya jona, hoton ya fita, jerin kashe-kashen shirin ya bayyana a talabijin, manya-manya, kowa na gani. Na-sani ya nemi saukowa, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba.

Mai Caji ya karanta a hankali, kamar mai kiran suna a asibiti. "Ɗaya. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Biyu."

Ya juyo ya dube mu.

"Waya ba ta san goma ta fi biyu ba," in ji shi. "Duk abin da ya fara da lamba ɗaya a rubuce, gaba take sa shi. Da ka kawo min, da na jera maka."

"Wato," in ji Yaya, "mun ga farko, mun ga ƙarshe, yanzu muka dawo na biyu."

"Wato an gaya mana munafukin," in ji Mai Aski. "An nuna mana auren. An nuna mana saukar. Zango uku muna jira."

"Da saura," in ji Mai Caji. Ya nuna wani jan layi da ke ƙarƙashin kowane kashi. "Wannan alamar an kalla ce. Ga shi a na uku, ga shi a na huɗu. Mu ba mu kai nan ba. Na biyar rabi ne, ina jin a nan barci ya ɗauke shi."

Duk kawuna suka ɗaga sama. Na-sani ya buɗe baki. Daidai nan kujerar, da ba a taɓa ɗaga ta haka ba tun tana sabuwa, ta saki wani dogon huci, ta fara sauka da shi a hankali, tana juyawa. Ya wuce ta gaban Baba, ya wuce ta gaban Inna, ya ba mu baya, ya sake dawowa, yana ƙanƙancewa, har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Ga ramin lokacin nan," in ji Mai Aski. "Ka faɗa."

Dariyar da aka yi har goyon matar mai wanki ya daina kuka don ya saurara. Baƙon ya ce ko babu ɗaki zai riƙa zuwa. Baba ya ce shi dai a gaya masa ko dattijon ya ƙone ko bai ƙone ba, yana da wurin zuwa.

Ba a daɗe ana shari'a ba. Mai Aski ya ce hasashe na huɗu ya kuskure, wannan kaɗai ya isa. Ya riga mu kallo, ya kuma tona mana ƙarshe, ba da baki ba ma, da talabijin. Ya ce ko laifi ɗaya aka ɗauka dokar ta kore shi, balle ga biyu, kuma shi ne mai dokar da kansa. Inna ta ce ita shaida ce, ba ta da ta cewa. Yaya ta naɗe yagaggen yadinta ta cusa a hammata.

Na-sani ya tashi. Bai yi musu ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya tattara fankokinsa, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hammata, mara ragar tana jan zaren yadi a baya. Ya ɗauki kwalin takalmin, ya duba shi, ya ajiye. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman yadda zai ɗaga bargon da aka rataye ba tare da ya sauke kaya ba, kuma babu wanda ya tashi ya taimaka masa.

Na ga Asabar mai zuwa, da wadda ke bin ta. Ga talabijin, ga musu, ga wurin da rabin fuskarsa ke zama babu kowa. Na tuna Matuƙi da kofin shayinsa, da yadda na ji haushinsa duk ranar da ya buɗe baki ya rufe.

Na tashi na ɗaga bargon. Hasken la'asar ya shigo, kowa ya runtse ido.

"Ina da tambaya," na ce.

Muryata ta fito baƙuwa a kunnena. Yaya ta juyo da sauri, don ba ta taɓa jin na yi magana a zaman ba.

"Dokar ta ce kada ya shigo. Ta ce kada a ba shi labari?"

Mai Aski ya kalli Mai Caji, Mai Caji ya kalli Inna. Inna ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara ɗankwali tana murmushi.

"Ba ta ce ba, 'yar nan."

"Wa zai ɓata bakinsa a kan wannan?" in ji Mai Aski.

Yaya ta taka masa ƙafa, idonta na kaina.

Na juya ga Na-sani. Yana tsaye da fankoki a jiki kamar bishiya, zufa ta jiƙa masa wuya, ya rasa inda zai sa idonsa. Ban sunkuyar da kai ba.

"Ka goge su daga wayarka," na ce. "Duk Asabar in an tashi, ka zo bakin shago ka zauna a benci. Ni zan ba ka labarin abin da aka gani, a jere, biyu kafin goma, ba zan tsallake ko kofin shayi ba. In Ayarin Sama ya ƙare, ina da littattafai. Na yi maka alkawari a gaban Yaya da Inna, muddin kana zuwa, za ka same ni."